Gadon da Ke Kwance a Ƙasan Teku

A farkon 1873, wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Challenger, wanda aka sauke wa mafi yawan bindigoginsa aka cika shi da kwalabe da igiyoyi da masana, ya jefa komarsa a tekun Atlantika, can yamma da tsibiran Kanari. An shafe sa'o'i ana ja kafin koma ta hau. Abin da ta zo da shi bai kai a kira shi kamu ba: waɗansu baƙaƙen duwatsu ne curi-curi, kai ka ce dankali ne da aka manta da shi cikin toka. Jirgin ya yi shekara uku da rabi yana zagaya duniya, kuma ya yi ta cin karo da irin waɗannan duwatsu, musamman a tekun Fasifik. Da aka tsaga su, sai aka ga ɓawo bisa ɓawo kamar albasa, a tsakiya kuma sau da yawa haƙorin kifin shak ne ko wani guntun ƙashi. A kansa ne sinadaran manganis da ƙarfe da nikel da tagulla da kobalt suka yi ta taruwa, 'yan milimita kaɗan a kowace shekara miliyan. Aka rubuta rahoto, aka jera duwatsun a gidan tarihi, aka ci gaba da harkokin duniya. Kusan shekara casa'in babu wanda ya tambayi ko na wa ne.

Tambayar da ta dami sarakunan Turai a da ita ce ta saman ruwa. A 1494 Sifaniya da Fotugal suka zauna a garin Tordesillas suka ja layi a tsakiyar Atlantika, wannan gefe naka, wancan nawa. Mutanen Holan, da suka zo a makare amma da jirage masu kyau, ba su yarda ba. Bayan kamfaninsu na Gabashin Indiya ya ƙwace wani jirgin Fotugal maƙare da kaya a 1603, sai ya nemi wani matashin lauya, Hugo Grotius, ya wanke shi. Daga wannan aikin lauya ne littafinsa na 1609 ya fito, inda ya ce teku ba ta kowa ba ce, kowa na da ikon ratsa ta. Da tafiya ta yi tafiya aka tsaya a kan cewa kowace ƙasa tana da iko da ruwan da igwarta za ta iya harbawa daga gaɓa, kimanin mil 3. Abin da ya wuce nan, wanda ya riga isa shi ke da shi.

Man fetur ne ya ruguza wannan tsari. A 1942 Ingila da Benezuwela suka raba ƙasan mashigin Paria a tsakaninsu. Ranar 28 ga Satumba 1945 shugaban Amurka Harry Truman ya yi shela cewa duk arzikin da ke cikin gangaren ƙasar da ya nutse daga gaɓar Amurka zuwa cikin teku na Amurka ne. Ba a jima ba Cile da Peru suka ce su kuma nasu mil 200 ne. Da aka taru a Janiba a 1958 don a sa wa abin ƙa'ida, sai aka rubuta cewa ikon ƙasa ya kai zurfin mita 200, ko kuma ya wuce nan har inda za a iya haƙo arziki. Wannan "ko kuma" ita ce ƙofar da aka bari a buɗe. Ma'anarta, iyakar kowace ƙasa ita ce inda injinta ya kai, marar inji kuwa sai ya tsaya a bakin ruwa yana kallo.

Sai a 1965 wani injiniya ɗan Amurka, John Mero, ya wallafa littafi kan ma'adinan teku. Ya ƙiyasta cewa duwatsun nan da Challenger ya tsinto sun haura tan tiriliyan ɗaya a Fasifik kaɗai, kuma ba sa bukatar haƙa, kwasa kawai za a yi. Daga baya an gane ya zuzuta lissafin ƙwarai, amma kafin nan magana ta riga ta shiga kunnen 'yan kasuwa da janar-janar.

Ta kuma shiga kunnen jakadan wata 'yar ƙaramar ƙasa da ba ta wuce shekara uku da samun 'yanci ba. Arvid Pardo, wakilin Malta a Majalisar Ɗinkin Duniya, mutum ne da ya san ɗanɗanon zalunci, don ya sha ɗauri a hannun 'yan Fasist na Italiya da kuma na Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ranar 1 ga Nuwamba 1967 ya tashi a kwamitin siyasa na Majalisar ya yi jawabin da ya haura sa'a uku. Ya gargaɗi wakilai cewa abin da aka yi wa Afirka a ƙarni na 19 shi ake shirin yi wa ƙasan teku: masu ƙarfi za su yi wawaso, su kafa makamai, su bar wa saura gurɓataccen ruwa. Shawararsa ita ce a ayyana duk abin da ke bayan iyakar ƙasashe a matsayin gadon 'yan Adam baki ɗaya, a kafa hukumar da za ta riƙe shi amana, a fifita matalauta wajen rabo.

Kalmar da ya zaɓa tana da nauyi ga duk wanda ya taɓa zama a wurin rabon gado. Kayan tsintuwa na wanda ya tsinta ne. Gado kuwa yana da magada, kuma magajin da ke nesa, da wanda ba shi da ƙarfi, har da wanda ke ciki ba a haifa ba, kowa da kasonsa. Abin da Pardo ya yi ke nan, ya fitar da ƙasan teku daga babin tsintuwa ya sa shi a babin gado. A Disambar 1970 Babban Taron Majalisar ya amince da haka: ƙasa 108 suka ce i, babu wadda ta ce a'a, 14 suka yi rowar ƙuri'a.

Faɗar gado abu ne mai sauƙi, rabon ne ke raba zumunci. Taron da aka kira don tsara dokar teku ya fara a 1973, bai ƙare ba sai 1982. Kwamitin da ya fi kowane zafi, wato na ƙasan teku, ɗan Kamaru ne ya shugabance shi daga farko har ƙarshe, Paul Bamela Engo, lauya wanda a ƙuruciyarsa ya wakilci Najeriya a wasannin Olamfik na 1956. Ƙasashe masu tasowa sun shigo da ƙarfinsu, don lokacin ne suke ganiyar neman sabon tsarin tattalin arzikin duniya, kuma takunkumin man Larabawa na 1973 ya nuna musu cewa mai albarkatu ma yana iya juya mai masana'antu. Bukatarsu ita ce hukuma ɗaya mai kamfaninta na kanta, ita kaɗai za ta yi haƙa. Amurka da ƙawayenta kuwa ofishin rajista kawai suke so, kamfani ya biya kuɗin lasisi ya tafi aikinsa.

A tsakiyar wannan ja-in-ja wani abin dariya ya faru. A 1974 wani ƙaton jirgi, Hughes Glomar Explorer, ya tsaya a arewa maso yammacin Hawayi, aka ce attajiri Howard Hughes ne ya gina shi don kwasar duwatsun manganis. Jaridu suka ɗauka, kamfanoni suka shiga zumuɗi, wakilai a wurin taro suka ce to, ga shi an fara. Ashe hukumar leƙen asiri ta CIA ce ke ƙoƙarin ciro wani jirgin yaƙin ƙarƙashin ruwa na Tarayyar Sobiyet da ya nutse a 1968, a zurfin kusan mita 5,000. Asiri ya tonu a 1975. Amma ƙaryar ta riga ta yi aikinta, ta sa kowa ya ɗauka gobe-gobe za a fara kwasar dukiya. A dai 1974 ɗin wani kamfanin Amurka, Deepsea Ventures, ya aika wa ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsa takarda yana iƙirarin mallakar fili mai faɗin kilomita murabba'i 60,000 a tsakiyar Fasifik, kamar wanda ya sari daji.

Henry Kissinger ne ya kawo sulhu a 1976, kuma tsarin da ya kawo bai yi nisa da gandu da gayauna ba. Duk kamfanin da ke neman fili zai binciko guda biyu masu daraja ɗaya. Hukuma ta ba shi ɗaya ya zama gayaunarsa, ta riƙe ɗayan a matsayin gandu, don kamfanin hukuma ko ƙasashe masu tasowa. Aka ƙara da cewa masu fasaha dole su sayar wa kamfanin hukuma fasaharsu, ƙasashe kuma su ba shi jarin haƙarsa ta farko. An kuma sa iyaka ga yawan abin da za a fitar kowace shekara, saboda ƙasashe irin Zayar da Zambiya da ke rayuwa da kobalt da tagulla sun lura cewa gadon nan, in aka kwaso shi da yawa, kasuwarsu zai kashe. Kanada mai nikel ta mara musu baya, don a wannan gaɓar aljihunsu ɗaya.

Sai dai yayin da ake ta hayaniya a kan duwatsu, ana can ana yanke tsokar a wani kwamitin. Ƙasashen da ke bakin teku, masu kuɗi da matalauta, sun haɗa kai wajen faɗaɗa nasu. Tunanin yankin tattalin arziki na mil 200 ma daga Afirka ya fito: Kenya ce ta gabatar da shi a wani taron masana shari'a na Asiya da Afirka a Legas a 1972, taron Yawunde na wannan shekara ya ƙarfafa shi, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta rungume shi a 1973. Manufar ita ce a kare kifi da man ƙananan ƙasashe daga jiragen manya, kuma ta yi amfani, don da ita Najeriya da Angola da Gana ke riƙe da rijiyoyinsu na cikin teku. Amma waɗanda suka fi kowa kwasa su ne Amurka da Faransa, masu tsibirai warwatse ko'ina, kowaccensu da fili sama da kilomita murabba'i miliyan 10. An kuma yarda gangaren ƙasa ya iya kaiwa mil 350, wani wuri ma fiye. Kusan duk man fetur da iskar gas na teku suka koma hannun masu gaɓa. Ƙasashe irin Nijar da Cadi da Mali, waɗanda ba su da ko taku ɗaya na bakin teku, su ne suka fi kowa asara a wannan yanka. Pardo da kansa ya yi ƙorafi daga baya cewa an rage gadon da ya yi wa faɗa ya koma 'yan munanan duwatsu a cikin duhu.

Ko wannan ragowar ma ba ta tsira ba. Da Ronald Reagan ya hau mulki a 1981, sai ya ƙi amincewa da sashen ƙasan teku. Ranar 30 ga Afrilu 1982 aka kaɗa ƙuri'a: 130 suka amince, 17 suka ƙaurace, huɗu suka ƙi, wato Amurka da Isra'ila da Turkiyya da Benezuwela. Reagan ya tura Donald Rumsfeld ya bi manyan biranen ƙawaye yana roƙon kada su sa hannu. Ranar 10 ga Disamba aka rattaba hannu a Montego Bay ta Jamaika, ba Amurka, ba Ingila, ba Jamus ta Yamma.

Sai kasuwa ta yi nata hukuncin. Kamfanonin da suka gwada kwasa a 1978, har ɗaya ya ciro kimanin tan 800, sun tarar farashin nikel da tagulla ya faɗi, suka naɗe kayansu. Yarjejeniyar kuma tana bukatar ƙasa 60 su tabbatar da ita kafin ta fara aiki. Gana ta yi a 1983, Kamaru da Sudan a 1985, Najeriya a 1986, amma sai a Nuwambar 1993 Guyana ta cike ta sittin, kuma kusan dukkansu ƙasashe ne masu tasowa. Aka wayi gari za a kafa hukuma wadda masu jirage da masu kuɗi ba sa ciki. Ga Tarayyar Sobiyet ta rushe, ga bashi ya yi wa Afirka da Latin Amurka katutu, bakin da aka yi magana da shi a 1974 ya mutu. A Yulin 1994 aka ƙulla wata sabuwar yarjejeniya da aka ce ta "aiwatarwa" ce, alhali gyaran fuska ce ta gaske. Aka soke tilasta sayar da fasaha, aka soke iyakar haƙa, aka janye alkawarin jarin kamfanin hukuma, aka tsara majalisar zartarwa yadda manya za su iya toshe duk abin da bai yi musu ba, har da kujerar da aka keɓe wa ƙasar da ta fi kowa ƙarfin tattalin arziki. Jamus da Japan da Ingila suka shigo. Amurka ta sa hannu, amma Majalisar Dattawanta ba ta taɓa tabbatarwa ba.

Rabo tsakanin biyu ya fi sauƙin rubutawa, ko da yake shi ma bai cika kawo kuɗi ba. A tsakiyar Bahar Maliya, tekun da alhazan ƙasar Hausa suka daɗe suna ratsawa daga Suwakin zuwa Jidda, akwai wani rami mai zurfin kimanin mita 2,000 da ake kira Atlantis II, cike da laka mai zinki da tagulla da azurfa. Sudan da Saudiyya sun amince a 1974 cewa na su biyu ne daidai wa daida, wani kamfanin Jamus ya gwada zuƙo lakar a 1979, kuma har yau tana nan kwance. Najeriya da Sawo Tome su ma sun ajiye gardamar iyaka a 2001 suka ware yankin haɗin gwiwa, kashi 60 na Najeriya, 40 na Sawo Tome.

Hukumar Kula da Ƙasan Teku ta Duniya ta buɗe a Kingston, babban birnin Jamaika, a Nuwambar 1994, tana riƙe da kusan rabin ƙasan tekunan duniya. Ɗan Gana Nii Allotey Odunton ya shugabance ta daga 2009 zuwa 2016. Tun 2001 take ba da lasisin bincike, sun kai talatin da ɗoriya, biyar daga ciki na Sin. Mafi yawansu suna yankin Clarion-Clipperton, wani shimfiɗaɗɗen fili mai kilomita murabba'i miliyan 4.5 tsakanin Hawayi da Meziko, a zurfin mita 4,000 zuwa sama. Abin da ya farfaɗo da kwaɗayin shi ne batirin motoci masu lantarki, wanda ke cin nikel da kobalt da manganis, su ne kuwa ke cikin dankalin nan.

To ina gandun? Kamfanin hukuma bai taɓa mallakar ko kwalekwale ba. Filayen da aka keɓe wa matalauta kuwa an samo musu dabara. Doka ta ce kamfanin da ƙasa mai tasowa ta tsaya wa yana iya neman su, sai wani kamfani da aka yi wa rajista a Nauru, wanda yanzu reshe ne na The Metals Company mai tushe a Kanada, ya samu fili na kusan kilomita murabba'i 75,000 a 2011. Nauru tsibiri ne mai kilomita murabba'i 21 da mutum kimanin 12,000, wanda haƙar fosfat ta riga ta cinye kusan kashi huɗu cikin biyar na ƙasarsa. Ba a ga laifin wanda ke neman abin sawa a baki ba, amma kowa ya san inda ribar za ta sauka. Maƙwabciyarta Papua New Guinea ta riga ta ƙone hannu: ta zuba jari a wani aikin haƙa a cikin ruwanta, kamfanin Nautilus ya karye a 2019, kuɗinta sama da dala miliyan 100 suka bi ruwa.

A Yunin 2021 Nauru ta tayar da wani sashe na yarjejeniyar 1994 da ke ba hukuma shekara biyu ta kammala dokar haƙa. A 2022 kamfanin ya yi gwaji ya ɗora sama da tan 3,000 a jirgi. Wa'adi ya cika a Yulin 2023 ba a gama dokar ba, saboda wata tambaya da ba ta da ƙarfi a zamanin Pardo ta shigo zauren. Masana sun gano cewa duwatsun nan gida ne ga halittu, mafi yawansu ko suna ba a raɗa musu ba. Wani fili da masanan Jamus suka yi wa huɗa a tekun Peru a 1989, da aka koma bayan shekara 26, sawun garmar na nan kamar jiya aka yi. Palau da Fiji da Samowa suka nemi a dakata, Faransa ta ce a haramta ɗungurungum, yanzu ƙasa sama da talatin ke kiran a tsahirta.

Wakilan Afirka kuwa lissafi suka zauna suka yi. Sun duba harajin da aka ba da shawara, kashi 2 cikin ɗari na darajar ƙarfen da farko, ya tashi zuwa 6, suka ce in aka raba abin da mahaƙa ɗaya za ta kawo, kowace ƙasa ba za ta samu dala 100,000 a shekara ba. Kuɗin da bai gina asibiti ɗaya ba, a madadin abin da ya yi shekaru miliyoyi yana taruwa. Sun yi gaskiya da suka ƙi, sai dai nahiyar da ta ba da shugaban kwamiti, ta kuma ba da kaso mai yawa na ƙasashen da suka fara tabbatar da yarjejeniyar, ba ta da ƙasa ko ɗaya da ta tsaya wa lasisin bincike.

Ranar 24 ga Afrilu 2025 Donald Trump ya sa hannu a wani umarni da ya ce Amurka za ta riƙa ba da izinin haƙa a tekun duniya da kanta, bisa wata dokarta ta 1980. Kwana biyar bayan haka The Metals Company ya miƙa takardarsa a Washington, a kan fili da ya haɗa da wuraren da ya bincika da sunan Nauru. Shugabar hukumar ta yanzu, Leticia Carvalho 'yar Birazil, ta ce wannan keta dokar duniya ne, Sin da Faransa ma suka faɗi haka. A takarda, Nijar da ta tabbatar da yarjejeniyar a 2013 da Cadi da ta yi a 2009 magada ne daidai da Sin da Jamus. Zuwa ƙarshen 2025, shekara 58 bayan jawabin Pardo, ba a haƙo ko tan ɗaya don sayarwa ba, kuma hukumar ta Kingston ba ta raba wa kowa ko kwabo ba.